SHARHI: Tafkin Jabi: Kowa na son gaɓa, wa ke da alhakin ruwa?

Duk lokacin da batun Tafkin Jabi ya taso a Abuja, a kan fili ake tsayawa: wa aka ba wane ɓangare, me za a gina, kuma ko talaka zai ci gaba da shiga shan iska. Ba kasafai ake tambayar halin da ruwan kansa yake ciki ba, alhali kuwa shi ne ya sa filayen gaɓar suka yi tsada. Ranar da ruwan ya fara wari, otal da kanti da gidan alfarma duk darajarsu za ta faɗi tare.

Tafkin ba halittacce ba ne. Madatsa ce ta ƙasa da aka gina a farkon shekarun 1980 domin shayar da sabon birnin da ake ginawa. Da aka kammala madatsar Lower Usuma da ke kusa da Ushafa, wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, sai aikin shayar da birni ya koma can. Tun daga nan Jabi ya zama wurin shaƙatawa da su da tuƙa kwalekwale, kuma buɗe katafaren kantin Jabi Lake Mall a 2015 ya ƙara jawo hankalin masu zuba jari.

Wannan sauyi yana da tasirin da ba a cika lura da shi ba. Ruwan da ake sha yana da mai gadi, domin dole ne hukumar ruwa ta riƙa gwada shi. Ruwan da ake kallo kawai kuwa, kulawarsa ta rarrabu. Tsara ƙasa da manyan magudanu suna hannun FCDA, shara da tsabtar muhalli suna hannun AEPB, lambuna suna da sashensu, izinin gini yana da nasa. A matakin tarayya akwai NESREA, wadda tun 2009 take da ƙa'idoji kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ofishi guda da za a tuhuma idan ruwan ya lalace.

Yadda tafkin birni ke lalacewa sananne ne. Ruwan sama yana wanko tituna da kwatoci daga unguwannin da ke kewaye, irin su Jabi da Kado da Utako, ya kwaso leda da robobi da baƙin mai da ƙasar wuraren gini. Inda bututun najasa ya fashe, ko aka juya masai cikin kwata maimakon layin da ke kaiwa matatar Wupa, ƙazantar takan zama taki ga gansakuka da kainuwa. Idan suka yi yawa suka ruɓe, sai su cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya mutu. Laka kuma tana cike ƙasan tafki a hankali, zurfinsa na raguwa ba tare da ido ya gani ba.

A nan ne shawarar ɗora wa masu filayen gaɓa wani kaso na kulawa take da ma'ana. Su ne ke ganin ruwan kullum, su ne kuma za su fi kowa asara. An gwada haka a wurare da dama. A jihar Wisconsin ta Amurka, wata doka ta 1974 ta ba mazauna gaɓar tafki damar kafa gundumar kula da tafkinsu, mai ikon sanya haraji a kan kadarorin da ke cikinta. Amfanin dokar shi ne ba ta bar ƙofa ga wanda zai ci moriya ya ƙi biya ba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Tafkin Naivasha a Kenya. Masu filayen gaɓarsa sun kafa ƙungiya tun 1929, kuma ita ce ta yi ruwa ta yi tsaki har aka sanya tafkin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 1995, ta kuma sami lambar yabo ta Ramsar a 1999. Duk da haka, gonakin furanni sun yi ta ƙaruwa, garin ya cika da jama'a, makiyaya da masunta suna kukan an toshe masu hanyoyin zuwa ruwa. A farin 2009 tafkin ya ja baya ƙwarai, aka kuma ga mutuwar kifi mai yawa a 2010. Sai a 2011 gwamnati ta kafa hukumar Imarisha Naivasha domin haɗa dukkan masu ruwa da tsaki, har da manoman da ke can saman kogin Malewa.

Darasin biyu ne. Ƙungiyar masu gaɓa tana iya tsare abin da ke gabanta, amma ba ta da iko da abin da ke gangarowa daga nesa. Kuma idan aka bar ta ita kaɗai, kulawa takan rikiɗe ta zama katanga, a wayi gari rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abuja tana da wata dama da Naivasha ba ta samu ba. Sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar Babban Birnin Tarayya. Wanda ke gaɓar Jabi izinin zama yake riƙe da shi na wa'adi, bisa sharuɗɗa. A 2025 gwamnatin birnin ƙarƙashin Minista Nyesom Wike ta soke dubban takardun filaye saboda rashin biyan harajin ƙasa. Hannun da ya iya hakan saboda kuɗin shiga zai iya rubuta sharaɗin kare ruwa a cikin kowace sabuwar takarda ko yarjejeniyar haya: tazarar da ba a gini a cikinta, haɗa masai da babban layi, da kuɗin kula da tafki na shekara-shekara.

Sai dai kuɗin ba zai yi amfani ba idan ya narke cikin babban asusu. Yana buƙatar kwamitin amintattu da doka ta san da shi, wanda masu gaɓa za su zauna a ciki ba tare da rinjaye ba, tare da hukumomi, da wakilan unguwannin da ruwansu ke gangarowa, da masunta. Masunta ba baƙi ba ne a wannan aiki. A ƙasar Hausa, Sarkin Ruwa ne ke faɗin lokacin da za a shiga su da lokacin da za a bar ruwa ya huta, kamar yadda ake yi a Matan Fada ta Argungu. Wanda ke jefa koma kowace safiya yakan riga ɗakin gwaji sanin cewa ruwa ya sauya.

Ga jami'an da takardun Jabi ke bi ta teburinsu, tambayoyi uku sun isa a auna kowace yarjejeniya. Shin an gwada ingancin ruwan da zurfinsa kafin sa hannu, domin a sami abin da za a kwatanta da shi nan gaba? Wa zai riƙa gwajin, kuma za a riƙa bayyana sakamakon ga jama'a? Shin an zana hanyoyin da jama'a za su bi zuwa bakin ruwa a cikin taswira, yadda ba mai iya rufe su? Yarjejeniyar da ba ta amsa waɗannan ba, ta raba gaɓa ne kawai, ta bar ruwan ba mai shi.