Wayarka ma ta gaji da zafin Sakkwato

A watan Afrilu, da misalin ƙarfe biyu na rana, ka ciro wayarka daga aljihu a kan titin Mabera ko Runjin Sambo. Za ka ji bayanta kamar murfin tukunya. Hasken fuskarta ya ragu da kansa, kyamara ta ƙi buɗewa, caji yana zuba kamar ruwa a kwando. Yawancinmu sai mu ce wayar ce ba ta da kyau. Wani lokaci haka ne. Amma kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da wannan ba. A Sakkwato kuwa, daga Maris zuwa Mayu, wuce digiri 40 ba labari ba ne. Batirin lithiyam da ke cikin wayarka yana tsufa da wuri idan yana shan zafi kullum, musamman in kana caji kana kallon TikTok lokaci guda.

Na fara da waya ne saboda duk lokacin da aka ɗauko zancen sauyin yanayi a majalisarmu, sai ka ji ana cewa zancen Turawa ne. Wani abokina ya ce da ni: "Malam, Sakkwato ai dama can da zafinta aka san ta." Gaskiyarsa. Wani kuma ya ce mu da ba mu da masana'antu, me ya haɗa mu da hayaƙin da ya ɓata sama? Shi ma yana da hujja, don Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Inda na rabu da su shi ne a ce tunda ba mu muka kunna wutar ba, ba ruwanmu da gobarar. Gidanmu ne ke ci.

Ku tuna azumin 2024. A farkon Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masanan ƙungiyar World Weather Attribution da suka yi bincike sun ce zafi irin wannan ba zai faru ba in ba don ɗumamar duniya da ɗan Adam ya jawo ba. Yankinmu ɗaya da su. Wanda ya yi layin ƙanƙara kafin shan ruwa a shekarar bai buƙatar a fassara masa rahoto. Ruwa ma haka yake zuwa babu tsari. Waɗanda suka girme mu kaɗan ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba, lokacin da gulbin Rima ya cika ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

To, me matasa ke yi? Abin da na fi gani shi ne dashen bishiya na hoto. A sa riga iri ɗaya, a haƙa rami, a riƙe ɗan dashen dogonyaro, a ɗauki hoto, a ɗora a Facebook. Bayan wata biyu akuya ta cinye, ko rani ya ƙone shi, babu wanda ya koma ya duba. Ba raina niyyar kowa nake yi ba, ni ma na taɓa tsayawa a irin wannan hoto. Amma bishiya a Sakkwato ba ranar dashe take buƙatar mu ba, shekara biyun farko take buƙatar ban ruwa da shinge. Jiharmu tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin Babbar Koriyar Katanga, wanda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 don tare hamada. Mu nawa ne muka san inda aka dasa namu kason, balle mu san ko yana raye?

Nan ne nake ganin waya za ta yi aikin da ya fi hoton riga. Kowace wayar zamani tana iya manna wuri da kwanan wata a jikin hoto. Idan ƙungiyarku ta dasa bishiya hamsin, ku ɗauki hoton kowacce da wurinta, ku koma bayan wata shida ku sake ɗauka, ku faɗa wa duniya nawa suka rayu ko da biyar ne. Haka nan magudanar ruwan unguwa da ledar fiyawata ta toshe: hoto mai kwanan wata kafin damina hujja ce da za a iya nuna wa kansila, ba ƙorafin bayan ruwa ya shiga ɗaki ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara da gargaɗin tsananin zafi. Da za mu riƙa mayar da su saƙon murya cikin Hausa mu tura wa dangi a Wamakko da Goronyo, da ya fi saƙonnin "tura wa mutum goma" da muke cika guruf da su amfani.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu masu son na'ura. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, masu cajin waya da gidaje da dama sun koma sola, abin farin ciki. Sai dai batirin sola yana mutuwa, na waya yana kumbura, kuma ƙarshensu bola, inda yara ke tona shara ana banka mata wuta. Manyan batiran sola da yawa akwai dalma a cikinsu, guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ta yi wa yara a 2010, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta fito. Ka mayar da mataccen batir wurin mai sayarwa, da yawansu suna karɓa su rage maka kuɗin sabo.

Ita kuma wayar da ta yi zafi, ka cire mata riga, ka zare caja, ka ajiye ta a inuwa. Kada ka sa ta a firij, raɓa za ta taru a cikinta.