Sauya Madugu Ana Tsakiyar Tafiya: Saban Ya Yi Daidai Kuwa?

Ran Litinin, 8 ga watan Janairu na 2018, a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, mai horar da 'yan ƙwallon Jami'ar Alabama, Nick Saban, ya yanke wata shawara wadda ta raba kan masu sha'awar wasan gida biyu. Ana cikin wasan ƙarshe na cin kofin jami'o'in ƙasar baki ɗaya, aka tafi hutun rabin lokaci Jami'ar Jojiya tana da maki 13, Alabama kuwa ko ɗaya ba ta samu ba. Da aka dawo fili sai jama'a suka ga ya zaunar da jagoran 'yan wasansa, Jalen Hurts, wanda ya kawo su har wannan matsayi, ya sa wani yaro ɗan shekarar farko mai suna Tua Tagovailoa a madadinsa. Ni dai a ganina Saban ya yi daidai a wannan dare, amma ya yi kuskure a watannin da suka biyo baya, kuma ya kamata a bambance waɗannan abubuwa biyu.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata masu karatu su san cewa ƙwallon da ake magana a kansa ba irin namu ne na ƙafa ba. Wannan da hannu aka fi yin sa, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ne. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, tsawon filin yadi 100 ne tsakanin gida da gida. Ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta ana ba ta dama huɗu ta matsa gaba yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In ta iya a ƙara mata wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ƙwallo gidan abokan karawa ya sami maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ya wuce tsakanin sanduna ya sami 3. A cikin mutum goma sha ɗayan nan akwai guda wanda kusan kowane hari daga hannunsa yake tashi: shi ke karɓar ƙwallo, shi ke duba yadda abokan gāba suka tsaya, shi ke zaɓar ko ya jefa, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa. Amurkawa suna ce masa kwatabak. Mu a nan za mu kira shi madugu, domin aikinsa da na madugun ayari kusan ɗaya ne: in ya ɓata hanya, kowa ya ɓata.

Waɗanda suka ga baiken Saban suna da hujja mai ƙarfi, ba kuwa zan rage mata komai ba. Kafin wannan dare Hurts ya jagoranci Alabama a wasa 27, aka ci 25, biyu kaɗai aka faɗi. Tun yana shekararsa ta farko, a 2016, ya kai su wasan ƙarshe, inda ya ruga yadi 30 ya sa su gaba saura kamar minti biyu a tashi, kafin Jami'ar Clemson ta ƙwace nasara da ci 35 da 31. A kakar 2017 gaba ɗayanta sau ɗaya tak ya jefa ƙwallo ya faɗa hannun abokan karawa. Suka ce mutumin da ya yi maka irin wannan hidima ba a gaban idon duniya za ka tsige shi ba saboda minti talatin da ba su yi kyau ba. Suka ƙara da cewa sauran 'yan wasa suna kallo, kuma in suka ga abin da aka yi wa Hurts, kowa zai san cewa aikin jiya ba ya ceton mutum yau.

To, amma mu duba abin da Saban ya sani a lokacin da yake tsaye cikin ɗakin hutu, ba abin da mu muka sani daga baya ba. A rabin farko Hurts ya yi jifa takwas, uku suka shiga hannun mutanensa, duka-duka yadi 21. Ƙarfin Hurts a lokacin yana ga gudu da kiyaye ƙwallo, jifa mai nisa kuwa bai ƙware a kansa ba tukuna. Mako guda kafin nan ma, da suka ka da Clemson 24 da 6, yadi 120 kurum ya samu ta jifa, masu tsaron baya ne suka ɗauki nauyin wasan. Ga shi kuma mai horar da Jojiya, Kirby Smart, ya shafe shekaru yana mataimakin Saban a Alabama, shi ke kula da tsaron baya, saboda haka ya san ciki da bai na gidan. Ya cika gaba da mutane ya toshe hanyoyin gudu, ya bar wa Hurts jifa, ya san ba za a cuce shi ta nan ba. Ƙungiyar da ke gaba tana iya lallaɓawa da gudu har lokaci ya ƙare. Wadda ake bi maki 13, saura minti talatin, dole ta nemi mai jifa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Na biyu, yaron da aka sa ba daga sama ya faɗo ba. Tagovailoa, mutumin tsibirin Hawai, bahago ne mai saurin sakin ƙwallo, kuma a cikin kakar an sha sa shi a ƙarshen wasannin da nasara ta riga ta tabbata, domin ya saba da fili da ihun 'yan kallo. Masu horarwa suna ganinsa kullum a wajen atisaye, abin da 'yan kallo ba su gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da Saban ya ɗauko wanda bai taɓa gwadawa ba ya danƙa masa wasan ƙarshe, da sai mu ce ya fafe gora ranar tafiya. Amma ya yi wata huɗu yana shirya wannan gora.

Sakamakon kowa ya ji shi: Alabama ta ci 26 da 23. Sai dai ina roƙon masu goyon bayan Saban kada su rataya hujjarsu a kan wannan, domin sa'a ta taka rawa ƙwarai a daren. Yaron ya jefa ƙwallo hannun Jojiya sau ɗaya a lokacin da ake binsu 20 da 7, Allah Ya taimake shi mutanensa suka ƙwato a hari na gaba. Da aka yi kunnen doki 20 da 20, mai bugun Alabama ya ɓarar da bugun yadi 36 wanda da ya shiga an tashi. A ƙarin lokaci Jojiya ta fara samun maki 3, sannan Tagovailoa ya yi kuskuren ƙuruciya, ya riƙe ƙwallo har aka kā da shi yadi 16 a baya. A hari na gaba ne ya saki jifan yadi 41 zuwa ga DeVonta Smith, wanda shi ma ɗan shekarar farko ne, wasa ya ƙare. Da hannun Smith ya sulluɓe, da jaridun washegari sun cika da zagin Saban, alhali kuwa dalilan da suka sa ya yi sauyin suna nan yadda suke. Ana auna shawara da abin da mai yanke ta ya sani da kuma shirin da ya yi mata. Wanda ya auna ta da sakamako kaɗai, sa'a yake yaba wa.

Akwai misalin da zai ƙara fayyace wannan, a wannan fili dai na Atlanta, tsakanin waɗannan ƙungiyoyi biyu, ran Asabar 1 ga Disamba, 2018, wasan cin kofin yankin kudu maso gabas. Ana 28 da 28, saura kamar minti uku, Jojiya tana tsakiyar fili a damarta ta huɗu, kuma yadi 11 take bukata. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a dako ƙwallo da ƙafa can nesa, a bar abokan karawa su faro daga bakin gidansu. Smart kuwa ya zaɓi yaudara: ya jera mutane kamar za a daka, ya ɓoye madugunsa na biyu, Justin Fields, a cikinsu domin ya karɓi ƙwallo. Alabama ta gane, ba ta janye masu tsaronta ba, amma duk da haka aka ci gaba da dabarar, aka kama Fields nan take. Wannan ma kasada ce kamar ta Saban, sai dai bambancinsu a fili yake. Saban ya yi tasa ne a lokacin da hanyar da yake kai ta riga ta toshe. Smart yana da hanya mai kyau a buɗe ya bar ta, ya kuma ci gaba bayan asirinsa ya tonu. Ko da dabarar ta ci, da ban yabe ta ba.

Wanda ya ci moriyar wannan kuskure shi ne Jalen Hurts. Tagovailoa, wanda ya riƙe jagoranci duk kakar 2018, ya ji ciwo a idon sawu a kashi na huɗu na wasan, ana bin Alabama 28 da 21. Hurts ya taso daga benci, ya jefa wa Jerry Jeudy ƙwallon da ya daidaita ci, sannan saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ruga yadi 15 da kansa ya shiga, aka tashi 35 da 28. Fili ɗaya, abokan karawa ɗaya, tsakani wata goma sha ɗaya, wanda aka zaunar ya ceci wanda aka sa a gurbinsa.

A nan ne nake ganin laifin Saban. Daga Janairu har Agusta na 2018 jaridu da gidajen rediyo na Amurka ba su da zance sai wane ne zai zama madugun Alabama, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa a kan makomar Hurts. A watan Agusta shi da kansa ya gaya wa 'yan jarida cewa duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya zo ya tambaye shi yadda yake ji, har da masu horarwa. Sauyin da aka yi a fili minti ɗaya ya ɗauka, kuma wasa ne ya tilasta shi. Shirun wata bakwai kuwa babu abin da ya tilasta shi. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara, ɗalibi, kuma a wancan zamani doka ba ta yarda 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗi da sunansu ba, sai a 2021 aka buɗe wannan ƙofa. Abin da yake da shi kawai mutuncinsa ne da makomarsa. Shugaban da ya isa ya sauke mutum domin amfanin jama'a, ya isa ya kira shi gefe ya gaya masa dalili, ya kuma faɗa masa matsayinsa.

Kada kuma a ce ai abin ya ƙare lafiya. Ya ƙare lafiya ne saboda halin Hurts, domin ƙofar fita a buɗe take. A shekarar ce aka kafa sabuwar doka wadda ta ce ɗan wasan da bai wuce wasa huɗu ba a kaka yana iya janyewa ba tare da shekarar ta shiga lissafinsa ba. A Clemson, da mai horarwa Dabo Swinney ya sauke Kelly Bryant bayan wasa huɗu ya ɗora Trevor Lawrence a watan Satumba, Bryant ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙungiyar, daga baya ya koma Jami'ar Missouri. Ban ga laifinsa ba, shekara guda ta rage masa kuma yana da haƙƙin neman inda za a gan shi. Amma da Hurts ya bi sawunsa, da ran 1 ga Disamba Saban ya waiwaya benci bai ga kowa mai irin gogewarsa ba. Hurts ya zauna, ya karɓi horo, ya gyara jifansa, ya kammala digirinsa a watan Disamba, sannan ya koma Jami'ar Oklahoma a 2019 da kyakkyawar sallama, inda ya zo na biyu a zaɓen gwarzon 'yan wasan jami'o'i na shekarar. Mahaƙurci mawadaci.

Daga baya wasu sun sake ta da gardamar ta wata fuska. Suka ce ai Tagovailoa bai sake ɗauko wa Alabama kofin ƙasa ba, a Janairun 2019 ma Clemson ta lallasa su 44 da 16 yana jagora. Hurts kuwa, wanda ƙungiyar Filadelfiya ta ɗauka a zagaye na biyu a 2020, shi ne ya ci babban kofin ƙwararru ran 9 ga Fabrairu, 2025, da ci 40 da 22 a kan Kansas City, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. Wai wannan ya nuna Saban ya yi zaɓen tumun dare. Wannan magana ba ta da tushe. Hurts na 2025 mutum ne da ya yi shekara bakwai yana gyara abin da ya gaza a kansa a Atlanta, a hannun masu horarwa dabam-dabam. Saban ba a tambaye shi wane ne zai fi ɗaukaka nan da shekara bakwai ba. Tambayar da ke gabansa ita ce wane ne zai iya jefa ƙwallo bayan masu tsaron Jojiya a cikin minti talatin masu zuwa, kuma amsar da ya bayar ita ce daidai.

Saban ya yi ritaya a Janairun 2024 da kofin ƙasa bakwai, shida a Alabama, ɗaya a Jami'ar Jihar Luwiziyana, saboda haka sunansa ba ya bukatar kariyar kowa. Abin da nake so masu karatu su riƙe, musamman waɗanda Allah Ya ɗora wa jagorancin wata ƙungiya ko wata sana'a, shi ne jagoranci amanar ayari ce, ba ladan aikin jiya ba, kuma ranar da tafiya ta bukaci wani madugu dole a sauya. Amma wanda aka sauke yana bin shugaba bashin magana, baki da baki, tun kafin ya ji a bakin mutane. Saban ya sauke nauyin farko cikin minti ɗaya, na biyun kuwa ya bar shi ya kwana wata bakwai, kuma ba kowane shugaba ne zai dace da mai haƙuri irin Hurts ba. Allah Ya sa mu dace.