Saƙon da Ba Shi Na Nema Ba

A kamfanin da nake aiki a lokacin, mai sayen hatsi daga ƙauyuka yana kai wa masana'antu, kusan kowane izinin kuɗi a manhajar hira ta Slack ake bayar da shi. Direba ya ce mota ta lalace a hanya, manaja ya rubuta "a ba shi", sai mai ajiyar kuɗi ta kwafi linkin saƙon ta liƙa a takardar lissafi a matsayin shaida. Da masu binciken kuɗi suka ce ba za su zauna suna danna linki ɗaya bayan ɗaya ba, aka ce in rubuta manhajar da za ta bi kowane linki ta ɗauko rubutun ta ajiye a gefensa.

Linkin Slack ba ya ɓoye komai ga wanda ya iya karanta shi. Bayan kalmar archives akwai lambar zauren da aka yi maganar, yawanci da harafin C take farawa, ko D idan hira ce tsakanin mutum biyu. Daga nan sai harafin p da lambobi 16. Waɗannan lambobin lokaci ne: goma na farko daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun 1 ga Janairu 1970, shi ya sa 1700000000 ya faɗa ranar 14 ga Nuwamba 2023. Ka cire p, ka sa ɗigo kafin lambobi shida na ƙarshe, ka sami abin da Slack ke kira ts, wato sunan yankan saƙon a cikin zaurensa. Sai ka ƙwanƙwasa ƙofar conversations.history ta API ɗinsu da lambar zaure da wannan ts, ka ce saƙo ɗaya kake so.

Matsalolin farko ba su ba ni wahala ba, domin kowacce da bakinta ta zo. Rashin izinin karanta tarihin zaure ya ce missing_scope, rashin shigar da manhajar cikin zauren ya ce not_in_channel. Na gyara, komai ya dawo da ok: true, na miƙa aiki kafin la'asar.

Kwana biyu bayan haka mai ajiyar kuɗin ta tsaya a bakin teburina da takarda a hannu, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin wani saƙo. "Malam, wannan ai maganar buhuna ce. Ni na san kuɗin gyaran mota Yallaɓai ya amince da su, a gabana aka yi." Na ce, "Hajiya, abin da linkin ya nuna ke nan." Ta ce in danna da hannuna. Na danna, sai ga izinin manaja ɓaro-ɓaro. A lokacin har an fara maganar cire kuɗin daga albashin direban, tunda takardata ta nuna babu wanda ya ba shi izini. Har yau idan na tuna mutumin, mai iyali, da bai san ma ana yi ba, sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya faru shi ne manajan a ƙarƙashin saƙon direban ya amsa, cikin zaren hirar, kuma conversations.history ba ta ganin irin waɗannan amsoshi. Ni kuwa tambayar da na yi mata ita ce ta ba ni saƙo na ƙarshe zuwa daidai wannan lokaci. Da ba ta ga nawa ba, sai ta miƙo wanda ya gabace shi a zauren, ta ce ok. Ba ta yi ƙarya ba, abin da na tambaya ta amsa. Na ɗauki "an amsa" a matsayin "an amsa daidai", ban taɓa duba ko ts ɗin da ya dawo shi ne wanda na aika ba. Alamar ma tana nan a wutsiyar linkin, bayan alamar tambaya, inda aka rubuta thread_ts, wadda na yanke na zubar domin na ga kamar tarkace ce. Da ita ake zuwa conversations.replies a tsinto amsar daga cikin zaren.

A daren na ƙara layi uku: idan lambar da ta dawo ba ita na nema ba, manhajar ta bar gurbin fayau ta rubuta "a duba da hannu". Na kuma daina mayar da ts lambar lissafi, na bar shi a rubutu yadda ya zo, don kada sifirin ƙarshe ya zube. Da na sake gudanar da aikin, gurabe da dama suka fito fayau, duk a baya cike suke da saƙon wani. Washegari ni da Hajiya muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ita tana karanto suna, ni ina danna linki, muka fara da na direban.