ZANCEN GIDA: Motar Shan Iska ta Ranar Asabar

 

Ran wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani ɗan'uwa ya ja mu gefe a gindin dalbejiya. Ma'aikacin asibiti ne, mutumin Tsafe, amma a Gusau yake aiki. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, biyu daga cikinsu suna makarantarmu. Ya zaro wayarsa ya nuna mana hoton wata baƙar BMW mai filogi shida, tana ƙyalli kamar an lashe ta. Ya ce, "Malam, tun ina yaro nake mafarkin irin wannan. Ba ta zuwa aiki ba ce, ina da babur. Ta shan iska ce ran Asabar. Me kuka gani?"

Ba mu yi masa dariya ba, gama mu ma mun san wannan ciwo. Duk wanda ya tashi a gefen titin Funtuwa zuwa Sakkwato ya san yadda yara sukan zauna suna gardama a kan motocin da suke wucewa. A zamaninmu Peugeot ce sarauniya, wadda muke kira Fijo. A 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, a shekarar nan kuwa Peugeot 504 ta ci babban tseren motoci na Safari a ƙasar Kenya, ta sake ci a 1978. An yi ta ƙera 504 a Kaduna har 2006. Saboda haka son mota mai gudu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya so ya huta bayan wahalar mako guda.

Amma motar shan iska kamar dokin ƙawa take. Kakanninmu sun san doki ba jaki ba ne. Ba ya kai kaya kasuwa, amma kullum sai ya ci dawa da harawa, ko an hau shi ko ba a hau ba. Wanda ba shi da rumbu biyu ba ya ɗaure doki a gidansa. To, ga tambayoyin da muka yi wa ɗan'uwan nan. Muna sa su a nan domin mun san ba shi kaɗai yake da wannan tunani ba.

Da fari, da kuɗin wa za a saya?

Muka tambaye shi ko uwargida ta sani. Sai ya sunkuyar da kai. Ashe rabin kuɗin na adashen da suke yi tare ne, wanda suka yi shawara za su sa rufin ɗaki da shi a Tsafe. 'Yan'uwa, motar da aka saya a ɓoye wa matar gida, ko ba ta taɓa lalacewa ba ta riga ta ɓata wani abu. Mu malamai mun sha ganin uba ya zo da mota mai tsada yana roƙon a yi masa haƙuri da kuɗin makaranta. Yaron da aka kora gida saboda bashi yana ganin motar nan a ƙofar gida kowace safiya, yana kuwa yin lissafi a zuciyarsa. Idan ba za a iya sayen motar ba sai an taɓa kuɗin makaranta, ko na taki, ko na asibiti, ko kuwa sai an ci bashi, lokacinta bai yi ba tukuna.

Na biyu, me za ta ci?

Kuɗin saye ƙofar shiga ne kawai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Bari mu yi lissafi irin na aji huɗu. A ce ƙaramar mota tana shan lita 8 a kilomita 100, babba mai filogi shida kuwa tana shan lita 14 idan ana taka ta. A ce kuma lita naira 1,000 ce. Yawon kilomita 100 kowace Asabar ya zama naira 14,000. A shekara, mako 52, ya zama naira 728,000. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya ba, ba a sa batir ba, ba a kuma sa inshora ba, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023.

Akwai kuma wani abin da mutane ba su cika sani ba. Mota tana lalacewa a tsaye. Batir yakan mutu, robobi sukan bushe su tsage da zafin bazara, ɓeraye sukan shiga su cinye wayoyi. Wadda take fita sau ɗaya a mako ba ta tsira daga bakanike ba.

Na uku, wa zai gyara ta?

Irin waɗannan motoci an ƙera su domin titunan Jamus da sanyin Turai. A nan kuwa zafin Afrilu yakan wuce awo 40, ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Yawancin tsofaffin motoci masu gudu ta wajen ruwa suke mutuwa: lagireto ya fashe, ko famfon ruwa ya tsaya, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Waɗanda suke da turbo sun fi tsada wajen gyara, ba sa kuwa haƙuri da baƙin mai maras kyau. Ba sa haƙuri da gurɓataccen fetur ma. Kun tuna yadda aka shigo da mai mai lahani ƙasar nan a Fabrairu 2022, motoci da yawa suka kwanta. Wanda yakan sha mai a galan wurin 'yan bumburutu yana cikin wannan hatsari kullum.

Saboda haka kafin ka je wurin dillali, fara zuwa gareji. Tambayi kanikawan Gusau wace mota suka sani ciki da waje, wace ce kuma ake samun kayanta a gari. Idan kowane ɗan ƙaramin abu sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, motarka za ta fi daɗewa a kan duwatsu da a kan titi. Ga wanda ya nace sai mai ƙarfi, mu dai a ganinmu gara Honda Accord ko Toyota Camry mai filogi shida, ko Peugeot 406 mai lafiya, ko tsohuwar Mercedes wadda aka riƙe da kyau, da a ɗauko abin da ba wanda ya taɓa buɗe cikinsa a jihar nan.

Na huɗu, yadda za a duba ta

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba mota ba ne. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ka biya shi ladansa. Ku je da safe, ka ce kada a tayar da ita sai kun iso, gama inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa.

Duba hayaƙi. Shuɗi-shuɗi, inji yana cin baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa, ruwa yana shiga inji. Baƙi, tana shan fetur fiye da kima.

Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa da mai sun gauraya. Ka yi sallama ka tafi.

Ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but, ka sunsuna, ka duba laka da tsatsa. Motoci da yawa da ambaliya ta cinye a Amurka, kamar ta guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, an wanke su an sayar a waɗansu ƙasashe. Irinsu wayoyinsu ba sa ƙarewa da fitina. Na Turai kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yakan ci ƙarƙashinsu.

Kada ka gaskata lambar tafiya da take gaban direba, ana juya ta baya. Dubi yadda sitiyari da kujerar direba da abin taka birki suka ƙoƙe, su ba sa ƙarya.

Duba shekarun taya. Akwai lamba huɗu a gefenta: 2319, alal misali, watau mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi.

Ku hau ta har inji ya yi zafi sosai, ku ji yadda giya take shiga, ku taka birki da ƙarfi a wurin da ba mutane.

Sa'an nan takardu. Motocin zamani suna da lambar jiki mai harufa da lambobi 17. Ka gwada ta jikin motar da ta takarda, ɗaya bayan ɗaya. Nemi takardar biyan kuɗin kwastan, musamman ga 'yan Kwatano, gama tun Janairu 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya. A rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, a canja sunan mai mota. In farashi ya yi sauƙi ƙwarai, ka tuna araha ba ta ado. Wataƙila ta sata ce.

Na biyar, a ina za a yi gudun?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar da take iya 220, ina za ta yi shi? Daga Gusau zuwa Bunguɗu 'yar tafiya ce, zuwa Tsafe ma ba ta kai awa guda ba, ko'ina kuwa akwai ƙauyuka a bakin titi, da masu babur, da shanu, da yara masu talla. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki ya wuce tsawon aji uku. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata yakan ninka sau huɗu. Waɗannan yara da suke tsallaka titi a Kwatarkwashi ko a Wanzamai 'ya'yan wasu ne, kamar namu. Wasan mota da samari suke yi a wurin biki ya riga ya sa gidaje da yawa makoki.

Ba za mu kuma ɓoye abin da kowa ya sani ba. Shekaru da yawa hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane. Kun tuna 2021, sa'ad da har aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara saboda su. A irin wannan ƙasa, mota mai ɗaukar ido tana gaya wa wanda bai kamata ba cewa akwai kuɗi a gidan nan, ko da bashi aka saye ta. Waɗansu sukan ce ai gudunta zai cece su. Gudu ba ya tsallake shingen da aka gitta a titi. Tsohuwar mota mai ƙarancin tsawo daga ƙasa, wadda za ta iya tsayawa da kai a daji da magariba, ba abokiyar tafiya ba ce.

Abin da ya faru

Ran Asabar muka raka ɗan'uwan nan wurin dillali, tare da wani dattijon bakanike. Motar kyakkyawa ce, ba ƙarya. Da aka tayar da ita, ƙararta ma kaɗai ta isa ta sa mutum ya manta da lissafi. Dattijon bai ce kome ba. Ya buɗe murfin mai, ya shafa da yatsa, ya nuna mana fari-fari. Ya ɗaga shimfiɗar but, ga busasshiyar laka a lungu. Ya goge hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ta sha ruwa. In ka saya, ni za ka yi wa aiki."

A hanyar komawa ɗan'uwan ya yi shiru har muka kai Tudun Wada. Daga nan ya ce zai gaya wa uwargida duk abin da ya yi niyya. Ba mu san yadda hirarsu ta kasance ba, ba mu kuwa tambaya ba. Abin da muka sani shi ne an sa rufin ɗakin Tsafe kafin damina. Bai bar mafarkinsa ba. Ya buɗe asusu dabam, da sanin matarsa, yana ajiya kaɗan-kaɗan. Ya ce wannan karo mai ƙofa huɗu zai nema, wadda za ta ɗauki yara duka, wadda kuma dattijon nan ya yarda da ita.

Idan akwai mai irin wannan shawara a gidanku, miji ne ko ɗa ko ƙane, ku ba shi wannan shafi ya karanta. Ku zauna tare da takarda da fensir, ku rubuta kuɗin saye, da na mai, da na gyara na shekara guda, ku sa kuɗin makaranta a gefe. In lissafi ya fita, kowa a gida ya yarda, to, a saya da farin ciki, a yi tuƙi a hankali.

Ku aiko mana da wasiƙunku kamar kullum. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.