A Hutar Da Dabbar Da Ciwonta Ya Fi Ƙarfin Magani

Duk wanda ya taɓa kiwon doki, ko kyanwa, ko karen gadi, ya san akwai ranar da ciwo kan fi ƙarfin magani. In ranar ta zo, da yawanmu kan kau da kai, mu bar dabba tana nishi har rai ya yi halinsa. Wasu ma korarta suke yi ta je ta mutu a bola. Wannan gudun nauyi ne, ko da an kira shi tausayi.

A dubi abin da ya faru a Amurka. Cikin watan Mayu na 2006 wani shahararren dokin sukuwa mai suna Barbaro ya karye a ƙafar baya ta dama. Masu shi ba su rasa kuɗi ba, ƙwararrun likitoci kuma suka yi wata 8 suna fama. Amma doki ba ya iya daɗewa a kwance, saboda haka nauyinsa ya koma kan sauran ƙafafun, har ciwon kofato ya kama su. Ran 29 ga Janairu, 2007, aka yi masa allura aka hutar da shi. In haka ta faru inda ake da kuɗi da kayan aiki, ina ga mai doki ɗaya a ƙauye?

Ba wai duk dabbar da ta kwanta sai a kashe ta ba. Likitan dabbobi ne zai duba ya faɗi ko da sauran fata. In ta daina ci da sha, ba ta iya tashi, maganin rage zafi kuma ya daina aiki, to jinkiri ƙarin azaba ne kawai. Allurar da likitoci kan yi tana sa dabba barci mai nauyi, sa'an nan zuciya ta tsaya cikin 'yan mintoci. Sai dai a binne gawar da zurfi, gama maganin yana kashe ungulu da karnukan da suka ci naman. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da tsammanin warkewarta, don a hutar da ita.

Saura baƙin ciki. Kada a yi wa mai shi dariya a ce ai dabba ce, domin sabo ake yi wa kuka. Yara musamman a gaya musu gaskiya, kada a ce kyanwa ta ɓata su yi ta jiran dawowarta. Kada kuma a yi gaggawar kawo wata, sai zuciya ta kwanta.

Muna kira ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi su sauƙaƙa wannan aiki a asibitocinsu, su kuma wayar da kan jama'a. Dabbar da ta yi mana bauta shekara da shekaru tana da hakkin mu sallame ta ba tare da wulaƙanci ba.