Kafin Ka Ɗaura Ɗaki a Bayan A-kori-kura

A watan nan gareji za mu leƙa, ko da yake ni ba makaniki ba ne, alli da allo ne sana'ata. Abin da ya jawo haka kuwa wata waya ce da ƙanena ya bugo mini daga birnin Kolombos na jihar Ohayo a Amurka, inda yake zaune da iyalinsa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, kai ne mai lissafi a gidanmu, ina so ka duba mini wani hisabi kafin Asabar, don ran nan zan sa hannu a takardar bashin mota, kuma shekara shida zan yi ina biya."

Motar da yake nufi a-kori-kura ce, wato mai buɗaɗɗen baya, kuma ba don ɗaukar buhunan masara yake son ta ba. Ɗaki mai taya zai riƙa ja da ita. Ga wanda bai taɓa gani ba, wata tirela ce da aka gina ta tamkar gida, da gadaje da wurin girki da bayan gida da tankin ruwa, amma ba ta da inji, sai an jona ta a bayan mota. Idan an ba yara hutun makaranta sai magidanci ya kwashi iyalinsa su shiga uwa duniya, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Galibinsu a yankin Elkart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma a shekarar 2021 kaɗai, lokacin da annobar korona ta sa mutane ƙyamar otal, masana'antun sun fitar da fiye da 600,000, idan aka haɗa da irin waɗanda ke da injinsu. Na so in yi masa dariya, sai na tuna kakanninmu ma da tabarmarsu da tukunyarsu a bayan jaki suka biyo hanyar goro har Salaga.

Ga yadda ya kawo mini maganar. Mai sayar da motar ya ce masa tana jan laba 11,000, wato kusan kilo 5,000. Ɗakin da ya gani kuma an rubuta nauyinsa kilo 2,500. Don haka a ganinsa motar ta ninka abin da yake bukata, abin da yake so daga gare ni kawai shi ne in ce masa Allah ya sanya alheri.

Ban ce ba tukuna. Duk wanda ya taɓa zama a Bolga ko Bawku ya ga jaki da amalanke. Jaki yana jan abin da ya fi ƙarfin ya ɗauka a gadon baya nesa ba kusa ba, amma fa wani kaso na nauyin amalanken a bayansa yake sauka ta wajen sandunan nan biyu. Idan yara uku suka ɗare kan jakin alhali yana jan, ba ƙarfin jan ne zai fara ƙarewa ba, ƙafafunsa ne za su fara lanƙwashewa. To haka mota take. Tana da lamba biyu, ta abin da za ta ja da ta abin da za ta ɗauka. Ta farkon ake bugawa da manyan baƙaƙe a talla, ta biyun kuwa ita ce ke kama mutum.

Ba ina cewa lambar tallan ƙarya ba ce. Akwai ƙa'idar gwaji da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara, mai lamba J2807, kuma ba gwajin wasa ba ne. A ciki har da hawan wata hanya da ke kusa da madatsar ruwa ta Debis a jihar Arizona, tafiyar kimanin kilomita 18 ana hawa, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, ga na'urar sanyaya mota an ƙure ta, kuma ba a yarda inji ya yi zafi fiye da kima ba. Toyota ta fara bin ƙa'idar tun motocinta na 2011, sauran manyan kamfanonin Amurka suka biyo baya da na 2015. Sai dai a wannan lissafi mutum biyu kacal ake ƙaddarawa suna cikin motar, kowannensu laba 150, kimanin kilo 68, baya kuma wayam. Daɗin daɗawa, lambar da ake yayatawa ta samfuri guda ce daga cikin masu yawa. Ford F-150 ta 2021 an ce tana jan laba 14,000, gaskiya ne, amma sai wadda aka haɗa da inji kaza da giya kaza da kayan ja na musamman. 'Yar'uwarta da ke tsaye kusa da ita, suna ɗaya fenti ɗaya, tana iya gaza haka da laba dubbai.

Sai na ce masa ya koma wurin motar, ya buɗe ƙofar direba, ya duba jikin ginshiƙin. Akwai wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da fari da aka manna, wadda ke faɗin iskar da za a sa wa tayoyi, kuma a samanta an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta ba wata ba, za ta ɗauka. Washegari ya turo mini hoto. Laba 1,455, wato kilo 660.

Daga nan muka zauna muka yi abin da nake sa 'yan aji shida su yi. Da farko kilo 2,500 ɗin nan nauyin ɗakin ne yadda ya fito daga masana'anta, babu ruwa a tanki, babu tukwane, babu shinkafa da kayan miya da tufafin mutum biyar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin galan 40 kuwa ya haura lita 150. Hanya mafi aminci ita ce a yi lissafi da iyakar nauyin da aka yarda ɗakin ya kai bayan an loda shi, wanda shi ma yana manne a jikinsa. Nasa kilo 3,100 ne. Irin wannan tirela kuma dole ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙugiyar da ke bayan mota, abin da zan kira nauyin hanci. Muka ɗauki kashi 13, ya ba mu kilo 400. Ƙarfen jonawa shi kansa ya kai kilo 40. A cire 440 daga 660, saura 220. Shi da maiɗakinsa da yara uku kilo 285 ne. Ashe motar da aka ce ta ninka bukatarsa ta zarce iyakarta da kilo 65 tun kafin a jefa ko da jarkar ruwa a baya.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Yaya, ai sai in tura kayan can ƙarshen tirelar, hancin ya yi sauƙi." Wannan ita ce dabarar da ta fi ba ni tsoro, domin kowa ita ke fara zo masa a rai. Idan nauyi ya koma bayan tayoyin tirela, hanci ya gaza kashi 10, sai ta fara kaɗa wutsiya. Ana cikin gudu iska ta buso ko babbar mota ta wuce, sai ta yi dama ta yi hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har ta fizge bayan motar. Ɗaki mai taya kuwa bango ne tsaye, iska na samun wurin kamawa. Direban da ya firgita ya taka birkin mota da ƙarfi ko ya shiga kokawa da sitiyari ƙara wa wutar fetur yake yi. Abin da ake koyarwa shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sak, a matsa birkin tirelar shi kaɗai da ɗan madannin da ke gaban direba. Wanda motarsa ba ta da wannan madanni sai ya sa a ɗaura masa kafin ya ja komai.

Ya sake kawo wata, cewa akwai ƙarfen jonawa mai sanduna biyu da ke rarraba nauyi. Akwai shi, yana da amfani ƙwarai, kuma tirela mai wannan nauyi ba a jan ta ba tare da shi ba. Yana mayar da wani nauyi kan tayoyin gaba don kada hancin mota ya ɗaga sama sitiyari ya yi sako-sako. Amma bai ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da ke rubuce a ƙofa ba. Haka nan ƙara sifirin: bayan mota zai daina durƙusawa, ido ya ga ta miƙe, alhali birki da tayoyi da ƙarfen da ke riƙe da su suna nan yadda suke.

Mutanen can sun kasa motocin nan gida uku da tsofaffin sunaye, mai rabin tan, mai uku bisa huɗu, da mai tan ɗaya, wato irin su F-150 da F-250 da F-350, ko 1500 da 2500 da 3500 a wajen Chevrolet da Ram. Sunayen sun daɗe da daina faɗin ainihin nauyin da suke ɗauka. Mai kuɗi sai ya ce a haura gida na biyu a huta. Ni dai ban ba ƙanena wannan shawara ba. Sati biyu ko uku zai yi yana jan ɗaki a shekara, sauran kwanakin duka da motar zai je aiki, ya sha tsadar mai da wahalar wurin ajiyewa. Ko a gida na biyun ma akwai tarko, domin injin dizal ya fi na fetur nauyi sosai, kuma wannan nauyi daga rabon kaya ake cire shi. Haka duk wani kayan ƙawa, rufin gilashi ne, kujeru masu lantarki ne, giyar ƙafa huɗu ce. Shi ya sa sau da yawa motar da ta fi tsada a layi ita ce ta fi ƙarancin ɗaukar kaya. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Wani zai ce mu da ke Zangon Kumasi ko Nima me ya haɗa mu da hutun Amurkawa. Ɗakin ne kawai ba mu da shi. Motocin nasu na hannu suna sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, da takardar nan a jikin ƙofa, kuma muna ja da su da Hilux ɗinmu abubuwan da suka fi ɗaki haɗari: tankin ruwa, janareta, rumfuna da kujerun biki. Za ka ji mai Hilux yana cewa motarsa tana jan kilo 3,500. Wasu samfuran na baya-bayan nan haka aka rubuta musu, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Idan babu, kilo 750 ne iyaka. Tirela nawa daga cikin waɗanda mai walda ya haɗa mana da tsohon ƙarfen mota ke da birki? Tankin lita 2,000 tan biyu ne na ruwa zalla, ban da ƙarfen da ke ɗauke da shi, idan kuma rabi ne ya fi muni, don ruwan yana tuttuɗowa gaba duk lokacin da aka taka birki.

Na ɗanɗana wannan da kaina wata shekara da rani, lokacin da famfon makarantarmu ya ƙafe muka yi hayar wata a-kori-kura ta jawo mana tanki. Ina gaba kusa da direba, yara manya huɗu suna baya don su taimaka. A wata gangara mai tsawo sai na ji ƙauri, na ga direban yana ta taka birki ƙafarsa na nutsewa, motar kuwa ba ta rage gudu ba. Da ƙyar ya cusa ta giya ta biyu muka gangara muka tsaya a inda ƙasa ta daidaita, tayoyin gaba suna hayaƙi. Da na yi masa magana cewa ya yi ai inji lafiya lau yake, ya ja ta ba gardama. Gaskiyarsa, injin bai gaza ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na bi gangaren Mampong ko na Kwahu na ga ƙaramar mota da tanki a baya, sai in ce wa direbanmu ya ba ta wuri.

Asabar ta zo ƙanena bai sa hannu ba. Mun yi shawara ya fara tsayar da ɗakin da zai saya, sa'an nan ya nemi motar da za ta iya da shi, ba ya sayi mota ya zo yana lallashin lissafi ba. Ya sami wani ƙarami wanda iyakar nauyinsa kilo 2,300 ne, hancinsa kimanin 300. Da motar farko da sai ya rage masa kilo 35 kacal, yara kuwa girma suke yi, babban nasu bana ya shiga shekara goma sha biyu. Don haka ya bi layin motocin yana buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, har mai sayarwar ya fara ƙosawa, ya dace da wata mai rabin tan, mara kayan ƙawa, kujerun yadi, wadda takardarta ta ce kilo 860. Ta ma fi ta farkon araha. Maiɗakinsa dai ba ta ji daɗin rasa rufin gilashin ba, ta kuma aiko a faɗa mini haka.

Abu ɗaya na roƙe shi. Ranar da suka loda komai za su fita tafiyar farko, kowa na zaune a kujerarsa, ya biya ta tashar manyan motoci inda ake da sikeli, ya hau a auna masa tayoyin gaba dabam, na baya dabam, na tirela dabam, ya gwada da lambobin da ke jikin ƙofa. Kuɗin awon bai kai na abincin rana ba. Ya ce zai turo mini hoton takardar, ni kuma na ce zan duba da jan biro.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.