Shekara Takwas a Bakin Aiki, Amma Ina Shaida?

Kusan kowane aji a makarantar nan akwai wanda ya iya aiki tun kafin ya zo. Wani ya shekara takwas yana wayarin gidaje kafin ya samu gurbin ND a sashen lantarki. Wata tun tana sakandare take riƙe da lissafin shagon mahaifinta. Amma da zarar an yi rajista, sai a zaunar da kowa a benci ɗaya, a fara koya wa mai wayarin nan yadda ake riƙe filaya. Lokacinsa ya tafi, kuɗin iyayensa ya tafi. A ganina wannan asara ce, kuma tana da magani.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gano maganin. A Faransa, tun 2002 doka ta ba mutum damar ya haɗa kundin abin da ya koya a wurin aiki, ya kare shi a gaban kwamiti, a ba shi wani ɓangare na digiri ko ma digirin gaba ɗaya. A Amurka, jami'o'i da dama suna karɓar irin wannan kundi su yafe wa ɗalibi wasu kwasa-kwasai. Mu ma ba a bar mu a baya ƙwarai ba: hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin NSQ, wanda ke tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aji, irin ta masu sana'a a kasuwar Panteka, ya ba shi takardar shaida.

Sai dai fa a fahimta, ba don yawan shekaru ake ba da maki ba, don abin da aka koya ne. Wani zai shekara goma a gareji bai wuce wankin fulogi ba. Saboda haka kundin ba tarihin rayuwa ba ne. Ka ɗauko manhajar kwas ɗin da kake so a yafe maka, ka bi abubuwan da aka ce ɗalibi zai iya in ya gama, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka kawo hujja: hoton aikin da kwanan wata, zanen da ka yi, rasit, wasiƙar maigidanka mai faɗin ainihin abin da hannunka ya yi. Sannan ka rubuta dalili. Me ya sa ka sa waya mai kauri a layin hita, siririya a layin fitila? Nan ne ake bambanta wanda ya gane da wanda ya kwaikwaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu da muke neman a yarda da kundinmu, yaya muke yi da logbuk ɗin SIWES? Kowa ya san yadda ake cika na wata huɗu a dare ɗaya, a kwafi na aboki, a nemo hatimi. Shekarar IT tsakanin ND da HND ma wasu a gida suke cinye ta. Wallahi in muka ci gaba a haka, babu malamin da zai kalli takardar da ɗalibi ya haɗa da kansa ya ba ta daraja, kuma ba za mu ga laifinsa ba.

Masu adawa za su ce wannan hanya ƙofar cuwa-cuwa ce, mai kuɗi zai sayi wasiƙa ya tsallake kwas. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma wasiƙa ake saye, ba a sayen hannu. A kai mutum wakshof, a ba shi kayan aiki, malamai biyu su tsaya a kansa, su yi masa tambayoyi a kan abin da ya rubuta. Cikin awa ɗaya ƙarya za ta ƙare. Satar amsa a jarrabawar takarda ma ta fi wannan sauƙi.

Don haka kirana biyu ne. Ƙungiyar ɗalibai ta kai wa hukumar makaranta buƙatar a fito da rubutacciyar ƙa'ida: waɗanne kwasa-kwasai ne za a iya yafewa, wa zai tantance, nawa za a biya, ina za a kai ƙorafi. Mu kuma, 'yan'uwa, kada mu jira. Wayar da muke ɗaukar hoton biki da ita, mu ɗauki hoton aikinmu. Mu karɓi wasiƙa tun maigida yana raye, tun shagon bai tashi ba. Ko makaranta ba ta duba ba, mai ɗaukar aiki zai duba. Da sanyin safiya ake kama fara.